Bakwai Sau Takwas

Kwana goma sha ɗaya Fijon Baba tana ɗiga.
Kowace safiya a ƙofar gidanmu na Gyallesu
sai in tarar da tabo mai faɗin faifai,
ruwa ja-ja mai warin tsatsa,
tururuwa sun kewaye shi, sun ƙi sha.

Na yi dabarun marar kuɗi.
Jarka biyu a but, ɗaya a ƙasan kujera.
Wani direban Giwa ya ce in zuba garin taba a lagireto,
wani ya ce ɗanyen ƙwai.
Na zuba ƙwan, Allah ya yafe mini.
Ranar Laraba a Kwangila allura ta haye ja,
tururi ya taso kamar an buɗe madambaci,
'yan acaba suna wucewa suna yi mini jaje da hon.

Sallau Mai Fijo, can bayan Tudun Wada,
bai tambaye ni komai ba.
Ya ɗora bakin sukundireba a kan inji,
ya kara ƙotar a kunne, ya rufe ido.
Ya kama fanka ya girgiza, ta gyaɗa masa kai.
Ya ce, Malama, boris ya tafi,
famfon ruwan nan tun zamanin soja yake neman hutu.

Tanimu yaronsa ya tafi Sabon Gari
ya dawo da biyu:
sabo fil a kwali, ba nauyi,
da tokumbo mai baƙin jiki.
Sallau ya auna su a tafin hannu kamar mai sayen kankana,
ya ture sabon.

Fambel ya sauka.
Noti uku suka fito da lalama,
na huɗu ya ce a nan aka haife shi.
Aka ba shi baƙin mai, aka ba shi guduma,
aka kira azahar, aka dawo,
sai ya karye, rabi a sifana rabi a ciki.
Sallau ya yi tsaki, ya aika a kira mai walda.
Ni ina kan tsohuwar taya ina cin gyaɗa ba don yunwa ba.

Da famfon ya fito, fukafukansa duk sun cinye
kamar haƙoran tsoho mai goro.
Sallau yana kankare bakin da wuƙa, sai ya tsaya.
Ya ce, wannan gasket ba na kamfani ba ne,
hannu ya yanka shi.
Ya miƙo mini ɓallin da ya leƙo waje.

Bangon littafin rubutu ne, giris ya sha shi ya yi baƙi,
amma da na ɗaga shi a rana
ga layi ɗaya bai mutu ba:
bakwai sau takwas.

Ina aji huɗu.
Na tashi da safe littafin lissafina tsirara.
Malam Barau ya ba ni bulala shida a tafin hannu,
na dawo ina kuka, ina zargin ƙanena, ina zargin akuya,
Baba yana wanke hannu da kananzir
yana cewa, ai haƙuri za ki yi, Kuluwa,
ya ba ni kwabo goma na alewa
bai dube ni ba.

Shekara talatin da wani abu
ina tafiya a kan bangon nan,
da shi aka kai ni Kongo, da shi aka kai Baba Shika
tafiyar da ya dawo a kwance.

Tokumbo bai zo da gasket ba.
Na ga idon Sallau ya sauka a kujerar baya
inda 'yata ta manta jakar makaranta.
Na ce, a'a. Tanimu ya koma Sabon Gari.

Yau da asuba na fito da tocila, na durƙusa.
Ƙasa a bushe.
Jarkokin dai suna but, ban sauke ba tukuna.